Kuntigin gwangwanin kifi: yadda na koyi waƙa a gidan yari

Gidanmu ba gidan kiɗa ba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne kuma almajiri, irin mutanen da in makaɗa suka tsaya a ƙofar shago sai ya yi maza ya miƙa musu abin da ya sawwaƙa don su yi gaba. A wurinsa kiɗa roƙo ne, roƙo kuwa gadon wasu ne, ba namu ba. A haka na tashi. Har na fara tuƙa Adaidaita Sahu, iyakar abin da ya haɗa ni da waƙa shi ne wadda nake kunna wa fasinja.

Wajen ƙarshen 2016 wasu mutum biyu suka ɗauke ni shata, na kai musu janareta da 'yan buhuna daga wata unguwa zuwa wata. Ashe kayan sata ne. Su sun ɓace, ni kuwa wani ya riƙe lambar mashin ɗina. Daga caji ofis sai kotu. Alƙali ya ce a ajiye ni, ya ba da beli bisa sharaɗin wanda zai tsaya mini ya zama babban ma'aikacin gwamnati mai takardar fili, mu kuwa a danginmu kaf ko masinja babu. Ba zan faɗi sunan gidan da aka kai ni ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, don wasu suna ciki har yanzu, wasu kuma sun fito suna ta fama su rufa wa kansu asiri.

Abin da mutanen waje ba su sani ba shi ne, wanda aka yanke wa hukunci ya fi mai jiran shari'a kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Shi ya san ranar fitarsa, duk garin da ya waye an rage masa ɗaya. Shi ake fitarwa aiki, shi ake kaiwa wajen koyon kafinta ko ɗinki ko haɗa takalma. Mai jiran shari'a ba a sa shi aiki, tunda ba a tabbatar da laifinsa ba, saboda haka ba shi da abin yi sai zama. Kuma mu ne muka fi yawa, don a gidajen yarin Najeriya kusan biyu cikin uku na waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba. Ranar kotu ta zo a ce babu mota, ko mai gabatar da ƙara bai zo ba, ko alƙali ya tafi taro, a ɗage. Kuɗin abincin fursuna a lokacin naira 450 ne a rana, a takarda ke nan. Abin da ke isowa hannunka tuwon gabza ne da ruwan miyar da kake hango gindin kwano ta cikinta. Kwanciya kuwa a kan haƙarƙari ake yi, a jere kamar kifin gwangwani, in za a juya sai shugaban ɗaki ya yi magana a juya tare.

Amma duk wannan bai kai dare wuya ba. Tun kafin magariba ake kulle mu, ba a buɗewa sai rana ta fito. A cikin wannan dogon lokaci ne faɗa ke tashi, a kan an taka wani, a kan layin bokiti, a kan guntun sabulu. Ban daɗe ba na daina magana da kowa. In mahaifiyata ta zo ziyara sai in tsaya ina kallonta kawai, har ta fara tambayar ko a kawo mini rubutu. A ɗakin ba a kiran mutum da sunansa, da laifin da aka zarge shi ake kiransa. Ni Janareta ake ce mini, kuma na saba har ina amsawa.

Akwai wani dattijo daga ƙasar Zamfara, duk ɗakin Baba muke ce masa. Rikicin gona ne ya kawo shi, an rasa rai a ciki, ya riga ni shiga da shekaru kuma shi ma shari'arsa ba ta motsi. A ƙauyensu makaɗin noma ne, mai bin 'yan gayya da ganga yana zuga su. In an kulle ɗaki an yi isha'i sai ya kife kwanon robarsa a cinya, ya riƙa taɓa shi da yatsu a hankali yana 'yar waƙa can ƙasa-ƙasa. Wata rana ya matso kusa da ni ya ce, "Yaro, wa ya haife ka?" Na yi banza da shi. Ya sake tambaya washegari. Da na gaji na ce tela ne, ya ce wane gari, wace unguwa, me yake ɗinkawa. A daren nan na ji ya sako ni a waƙa, da sunana na yanka da sunan mahaifina, yana cewa ɗan mai allura ba ya tsoron ɓaraka. Mutum uku ko huɗu suna yi masa amshi. Na ja riga na rufe fuska don kada a ga abin da idona ke yi.

Haka yake yi wa kowa. Sabon shiga in ya kwana biyu sai Baba ya bincike asalinsa ya yi masa kirari, ko ɗan daba ne, ko wanda ake zargi da fashi. Ban taɓa jin ya saka laifin mutum a waƙa ba, ban kuma ji ya wanke kowa ba. Uba da gari da sana'ar gida kawai yake kira.

Da na fara yi masa amshi ne na gane abin ba wasa ba ne. Ɗan amshi ba ya shiga sai jagora ya sauke ɗango, in ka yi gaggawa ka ɓata, in ka makara ka bar rami. Dole kunnenka ya kasance a bakin wani, ba a cikin kanka ba. Ga mutumin da ya yi watanni ba ya jin komai sai surutun zuciyarsa, wannan kaɗai magani ne. Na fi ganin haka a jikin yaran da aka riƙa kawowa a 2018, bayan fim ɗin binciken da BBC ta yi a kan kodin, wanda kwanaki kaɗan da fitarsa gwamnati ta hana shigo da maganin tarin da sarrafa shi, aka kuma shiga kame. Sukan zo jiki na rawa, ba barci, magana ɗaya sai naushi. Akwai ɗaya, ba zai wuce shekara goma sha tara ba, da ko gaisuwa ka yi masa sai ya zage ka. Baba ya ba shi riƙon kiɗa, wato shi zai riƙa buga kwano ɗaya a kari ɗaya, ba ƙari ba ragi, daga farkon waƙa har ƙarshe. Satin farko jifa yake yi da kwanon. Baba sai ya ɗauko ya miƙa masa ya ce, "Ɗana, mu muna jiranka." Kafin damina ta wuce, yaron nan shi ke harara in wani ya kuskure kari.

Kuntigin kuwa dabarar wani ɗan Jos ce, wanda ya ce ai na marigayi Ɗan Maraya ma da gwangwanin kifi ake yin cikinsa, a rufe da fatar akuya, tsirkiya ɗaya tal. Gwangwani haramtacce ne a ciki, don bakinsa yanka yake yi. Sai da muka roƙi wani gandiroba da muke ce wa Oga, Kirista ne, yana waƙa a cocinsu, ya samo mana ɗaya ya daddake bakinsa da dutse a gabansa kafin ya ba mu. Guntuwar fata daga wajen masu haɗa takalma ta fito, aka jiƙa ta kwana ɗaya a ruwan shanmu, aka ɗame ta a bakin gwangwanin, ni na ɗinke ta da zaren takalmi, don ko ba komai ɗan tela ne ni. Sandar daga jikin tsohon mafici aka ciro. Waya ba ta shiga, saboda haka zaren takalmin nan muka murɗa ya zama tsirkiya, muka fasa cokalin roba muka yi abin kaɗawa. Sautinsa bai fi na sauro ƙarfi ba in ana hayaniya, amma in ɗaki ya yi tsit har na maƙwabta suna ji, su buga bango su ce a maimaita.

Wannan abu ya sauya zaman ɗakin ta hanyar da ban zata ba. Oga ya gaya mana tun farko cewa duk ranar da aka yi faɗa har jini ya fita, kuntigi ya tafi. Daga nan in rigima ta taso, kafin shugaban ɗaki ya buɗe baki mutum goma sun shiga tsakani. Ba wai mun zama waliyyai ba ne, muna da abin da muke tsoron rasawa ne. An taɓa kwashe shi a wani binciken ba-zata, ɗakin ya yi kamar an yi mutuwa, sai bayan kwanaki Oga ya dawo da shi a aljihun wandonsa, ya jefo ta taga bai ce komai ba.

Ba kowa ya so abin ba. Muna da wani Malam a ɗakin, mai karatu ne sosai, shi ke ja mana salla, ya ce kiɗa haramun ne kuma ba zai zauna ana saɓo a kansa ba. An kai ruwa rana. Baba bai yi musu da shi ba ko sau ɗaya, cewa ya yi, "Allah gafarta Malam, ni jahili ne, ka ba mu abin da za mu rera wanda babu zunubi." Aka yi sulhu a kan daren Juma'a babu kwano babu kuntigi, sai ƙasida da baki. Malam da kansa ya riƙa rubuto baitoci da ajami a bayan kwalin magani, na wa'azi da na haƙuri, yana cewa ai Shehu Ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a. A wurinsa na koyi auna baiti da daidaita ƙafiya. Sauran darare in an fara kiɗa sai ya juya wa ɗaki baya ya ja carbinsa, kuma har na fito bai sauya fatawarsa ba. Kiristocin gidan su suna da fiyano da ganga da wata coci ta kawo musu. Wani daga cikinsu ya koya mana raba murya, wasu su ɗauki sama wasu ƙasa, abin da Baba ya ce bai taɓa ji a gona ba amma ya yi daɗi.

A watan Agustan 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta gyaran hali. Mu dai allon bakin ƙofa muka ji an sauya. Sai dai baƙi sun ƙaru, kuma a cikinsu wata ƙungiya ta zo da kyamara za ta yi fim a kan gyaran hali. Aka shafa farar ƙasa a bangon da zai fito a hoto, aka zaɓo mu aka ba mu riguna masu tsabta. Wata mata mai fara'a ta ce, ta bakin tafinta, mu yi waƙar nadama, mu nuna mun tuba. Baba ya ce, "Hajiya, yawancin yaran nan ba a ce sun yi laifi ba tukuna, nadamar me za su yi?" Aka yi dariya, aka ce to mu yi ko wacce. Ni na ce ba za a ɗauki fuskata ba, don an sa ranar ƙanwata kuma dangin mijin an gaya musu ina Legas ne. Ta bayan ƙeya aka ɗauke ni. Da suka tafi aka karɓe rigunan. Fim ɗin ban taɓa ganinsa ba, lemon kwalba ɗai-ɗai da aka raba mana shi ne ladanmu.

Korona ce ta fitar da ni. A watan Afrilun 2020 gwamnatin tarayya ta yi wa fursunoni 2,600 afuwa don rage cunkoso, amma ban shiga ciki ba. Sai da babban jojin jiha ya zo zagaye, aka kira sunana, aka nemi fayil ɗina aka rasa, ya tambayi tun yaushe nake ciki, ya girgiza kai ya ce a sallame ni. Shekara uku da wani abu, ba a taɓa kiran shaida ko ɗaya ba.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe sabuwa ce ta fara. Babu mai ba ni mashin, wanda ya ji inda na fito sai ya ce zai neme ni. Na nemi aure, magana ta yi nisa, wani ya je ya tsegunta, aka dawo mana da kayanmu. Wanda ya karɓe ni wani mai ƙaramin sitidiyo ne da ke buga waƙoƙin biki da tallan 'yan kasuwa. Ya ji ina gyara wa wani yaro baiti a bakin shagon caji, ya ce in zo in riƙa yin amshi. Da kawuna ya ji sai ya ce, "Daga kurkuku kuma sai roƙo? Ɗan'uwana bai bar wannan ba." Wannan ita ce matsalar da mai koyon waƙa a gidan yari ke fuskanta a ƙasar Hausa. Wanda ya koyo kafinta tabo ɗaya yake ɗauke da shi, kai kuwa biyu. Mahaifiyata ce ta kashe maganar, ta ce ita ta ga ɗanta lokacin da ba ya iya amsa sallama, duk abin da ya buɗe masa baki ba za ta zage shi ba.

A sitidiyon nan ne mai gidana ya nuna mini wani rahoto na shirin 60 Minutes na Amurka a kan gidan yarin Zomba da ke Malawi. Gida ne da aka gina don mutum 340, ya koma ɗauke da wajen 2,000. A 2013 wani mai haɗa kiɗa Ba'amurke, Ian Brennan, da matarsa Marilena Delli mai ɗaukar hoto, suka shiga suka naɗi muryoyin mutanen ciki. Faifan ya fito a 2015, ya shiga takarar Grammy ta 2016, wato babbar lambar yabon waƙa ta Amurka, karo na farko da wani abu daga Malawi ya kai nan. Angélique Kidjo ta Benin ce ta ci, su kuwa masu waƙar suna kulle ranar bikin. Ba Grammy ɗin ce ta taɓa ni ba. Ɓangaren maza suna da 'yan kayan kiɗa, matan ba su da komai sai bokitai da tafi, har suna cewa su ba mawaƙa ba ne, amma da aka tashi fiye da rabin waƙoƙin faifan nasu ne. A cikinsu akwai waɗanda zargin maita ya kai su. Kuma akwai gandiroba, Thomas Binamo, da ke waƙa tare da fursunonin. Ba na jin Chichewa, yaren Malawi, ko kalma ɗaya, amma na sa an maimaita mini wurin nan, don Oga na gani.

Daga nan na shiga neman irin waɗannan finafinai, ƙanena yana fassara mini. Na ga na Cebu a Filifin, bidiyon 2007 da fursunoni wajen 1,500 cikin kaya ruwan lemo suke rawa a tare, duniya ta yi ta tafi. Ni ban tafa ba. Wanda ya zauna a ciki ya san in hukuma ta ce a yi rawa, ba a tambayar wa ke so. Na ga na mawaƙin nan Lamboginny da ke shiga Kirikiri yana wasa tare da na ciki, Allah ya saka masa. Wanda ya fi kwanta mini shi ne na New Bell a Douala, unguwar da Hausawan Kamaru suka sani sarai. Gidan yarin can an gina shi don mutum 800, dubbai ne a ciki. A 2018 wata 'yar Italiya, Dione Roach, ta kafa sitidiyo a cikin gidan, Jail Time Records, kuma wanda ya riƙe na'urorin, Steve Happi, shi kansa a tsare yake a lokacin, daga baya kotu ta wanke shi. Sun fitar da faifai a 2022. Ba zuwan yini ɗaya da kyamara ba ne, ɗaki ne da ke nan kullum, a hannun na ciki, kuma suna ci gaba da aiki da waɗanda suka fito.

Ba na raina fim. Na ga yadda guda ɗaya ya sa aka hana kodin. Amma yawancin waɗanda na kalla a bakin ƙofa suke tsayawa: mutum ya yi waƙa, ya yi hawaye, mai kallo ya ji tausayi, a rufe. Ba sa bin sa zuwa unguwa su ga wa zai ba shi aiki, ba sa tambayar me ya sa wanda ba a yanke wa hukunci ba ya shekara biyar yana rera waƙa a ɗaki. Har nakan ji tsoron kada daɗin muryar ya sa mai kallo ya ɗauka wurin da sauƙi. Waƙa ba ta nemo fayil ɗina ba, ba ta ƙara gishiri a miya ba. Abin da ta yi shi ne ta riƙe mini hankalina har ranar da joji ya zo, ta kuma ba ni abin da nake ci da shi yau.

Cikin waɗanda muka yi amshi tare, ɗan Jos ya koma gida yana gyaran waya. Ɗaya tarin fuka ya kashe shi watanni kaɗan bayan fitarsa. Yaron nan mai riƙon kari ya fito kafin ni, ya yi wata shida lafiya, ya rasa abin yi, ya koma wa tsofaffin abokansa, yanzu yana ciki karo na biyu, kuma wannan karon an yanke masa. Na je na gan shi, ya ce kuntigin ya fashe tuni, sun yi wani. Baba an mayar da shi wani gidan, ina aika masa sabulu da garin kwaki ta hannun wani direba in na samu hali.

Ni da mai gidana mun sayi kalangu biyu da ƙaramar na'urar naɗar murya, muna so a ba mu izinin shiga sau ɗaya a mako mu zauna da masu jiran shari'a, tunda su ne ba su da wajen koyon sana'a. Mun rubuta takarda tun bara. An ce mu kawo rajistar ƙungiya, muka yi, aka ce shugaban da ya karɓi takardar an yi masa canjin wurin aiki, mu sake rubuto wata. Mun sake, an ce mu dawo bayan Salla.